Layi Ɗaya, Ma'aikaci Ɗaya

Ƙarfe uku a Oulu, rana ta riga ta naɗe tabarmarta.
Kofi na uku ya huce a gefen ɗan allo kore
wanda bai kai tafin hannun jariri ba,
irin da muke rataya wa barewar ƙanƙara a wuya
don Jouni-Antti ya san inda garkensa ya kwana.

Goma sha bakwai suka dawo a kwali daga Sodankylä,
da 'yar takarda: suna suma, su farfaɗo, su sake suma.

Ni na tsara gidan, na san ɗakunansa.
In dabba ta motsa sai a ƙwanƙwasa ƙofa.
Mai buɗewa ba ya zama, ba ya doguwar gaisuwa,
rubuta saƙo zai yi, ya jefa a layi, ya fice.
Can ƙurya akwai zare guda, ma'aikaci tilo,
yana barci har sai layi ya yi nauyi,
ya tashi ya ɗauki na gaba:
auna batir, ƙirga taku, tura wa tauraron ɗan'adam gaisuwa.
Ɗaya bayan ɗaya. Ba ya tsallake kowa.

To wa ya hana ruwa gudu?

Veikko ya ce rediyo ne. Ya tafi ɗauko 'yarsa daga makaranta.
Na zauna da rajista, layi dubu huɗu,
har na kama shi wajen ƙarfe bakwai:
wani ƙaramin aiki, nawa ne, na watan Mayu,
mai rubuta lamba a ma'adana.
A ɗumin ofis milisakan biyu ya ishe shi.
A sanyin da ke fasa icce, ma'adana ba ta amsawa,
shi kuwa ya tsaya yana jira,
ya riƙe ma'aikaci a hannun riga,
duk na bayansa sun yi cirko-cirko,
har da mai kai wa karen gadi abinci.
Kare ya ji shiru, ya yi abin da aka koya masa,
ya rushe gidan a sake gini.

Maganin ba shi da kwarjini.
Na yanka wa mai jira layinsa daban,
na ɗaukar masa zare na biyu, mara gata,
ya yi ta jira can, ba ya tare wa kowa hanya.
Kuɗinsa bayit dubu da ashirin da huɗu,
na ƙwato su daga bakin rediyo.
Gobe Veikko zai yi ƙorafi.

Na sa allon a firiza tare da kifin wani.
Fitila tana ƙyaftawa. Tana ƙyaftawa.

Ina sa rigar sanyi waya ta yi ƙara:
tunatarwa, kira Inna Kerttu.
Tun Lahadi nake cewa bayan awa ɗaya.
Mu ma muna da irin wannan a cikin tsarin,
aikin da ake ɗage wa lokaci:
duk sanda ka taɓa shi, agogonsa ya koma farko.
Bai ɓata ba, ba a soke shi ba,
bai dai taɓa kaiwa gaban layi ba.

Na cire safar hannu ɗaya a bakin ƙofa.
Ta ɗauka tun kafin ƙara ta biyu.