Ɗigo na Goma Sha Bakwai

A Riga, a hawa na uku,
inda taga ke kallon kogin Daugava da ya sandare,
Uldis ya rage fitila, ya kunna allo.
"Ki dai kalla, Dzintra. Tambaya tana baya."

Ɗigo arba'in, kowanne mutum ne.
Zare a tsakani, kowanne kiran waya.
Shekarar wani ƙauye sukutum
an matse ta cikin minti guda.

Suka motsa.
Zare ya tsiro, zare ya tsinke,
wasu suka dunƙule kamar tururuwa a kan sukari,
suka watse kafin ta ƙifta.

"A watan shida, wa ya fi kowa zare?"
Ta ce, "Ya wuce ni.
Na bi ɗaya da ido, talatin da tara suka sauya wuri."

Sai ya tsayar da lokaci,
ya yanka shi goma sha biyu, ya jera,
wata kusa da wata, kamar tagogin asibiti.
Nan ta ƙirga da yatsa, ta faɗi daidai.
Ya sa maki. Daƙiƙa tara.

"Wannan ya fi sauƙi ko?"
"Ya fi sauƙin ƙirga," in ji ta.
"Amma a wancan na ga sha bakwai yana tafiya.
Zarensa biyar ne da bazara.
Huɗu. Biyu.
Ya yi ta ja da baya har bakin allo,
kamar baƙo mai neman takalminsa."

Uldis ya ce wurin ba ya nufin komai,
na'ura ce ke tura ɗigo don samun fili.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin haɗa waya,
tana cusa igiya a rami, tana zarewa.
Ta san lambar da fitilarta ke daina kamawa
tun kafin a buga sanarwa a jarida.
"To me ya sa ta kai shi jikin bango?"

Takardarsa gurbi biyu gare ta:
daidai, kuskure.
Ya juya biro a hannu.

Da ta ɗaure gyale ta sauka neman taragon lamba bakwai,
ya maido shekarar farko,
ya ɗora yatsa a kan sha bakwai, ya bi shi.
Wajen watan tara
ya kuɓuce masa.
Ya sake kunnawa.