Lamba Arba'in da Bakwai

Shagona na Bukoki, jikin mai gyaran babur.
Tun hantsi tururi ke tashi, warin magani na cin hanci.
Ba na tambayar kowa labarinsa,
tabo ke faɗa mini:
man ja a hannun shadda, an ci biki;
turaren wuta a labule,
shekara ya yi yana shiga, yini guda ake so in fitar.

Sai kwat ɗin nan, ruwan toka.
Alkasum ya saye ta gwanjo a Katako,
ya ajiye dala ɗari, ya ce saura gobe.
Gobe ta yi wata uku.
Yakan wuce rungume da takardunsa,
ya saci kallonta cikin leda, ya gaishe ni da ƙarfi,
kamar gaisuwa na rage bashi.

Ran Litinin an ɗauke wuta, ina hura gawayi,
na gan shi tsaye.
"Yau ne?"
"Yau ne, ƙarfe tara."
Na sauko da ita. Ban buɗe littafi ba.

Da la'asar ta dawo,
gumi ya zana gishiri a hammata,
maɓalli ɗaya na lilo.
Bai ce an ɗauke shi ba, ni ma ban tambaya ba.
Na dai ga tawada shuɗiya a bakin hannun dama,
ɗigo biyu, ɗanye,
irin na wanda ya sa hannu jiki na ɓari.

Wannan tabon,
sai na yi shawara kafin in taɓa shi.