Aikin Gida

Malam ya ce, "Minti ashirin na muryar mai matsalar magana.
Ku ɗauko, ku yi sharhi, ku kawo ran Laraba."
Aji ya watse, kowa ya nufi asibiti.
Ni na hau motar Haɗeja,
na sauka Auyo, na ƙarasa a kan babur,
don nawa mai maganar yana gida,
wata bakwai ke nan bai ce uffan ba.

Haladu Sankira, shi ne ubana.
In ya hau tudun bakin kasuwa bayan la'asar
ya ce, "Jama'a, a saurara!"
har masu ban ruwa a fadama
sai sun kashe inji sun karkato kunne.
Ɓatan akuya, zuwan taki, ranar rigakafi, yasar rijiya,
duk ta maƙogwaronsa suke shiga gari.
Bai taɓa riƙe lasifika ba;
ya ce sandar gurguwar murya ce.

Sai hawan jini ya yi sallama da asuba,
ya karɓe hannun dama, ya haɗa da harshe.

Takardar makaranta ta hana rubuta suna.
Na sa: mara lafiya na ɗaya, namiji, sittin da huɗu.
Biro ya yi mini nauyin taɓarya.

Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya,
na jingina madubin Inna da tulu,
na ajiye waya a tsakaninmu.
"Baba, dubi leɓena. Ce ba."
Ya duba. Leɓe ya yi rawa,
iska ta fito ba kowa a cikinta.
"To, ce ma."
Zakara ya amsa daga kan danga.

Inna Hansai na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Shi ya koya miki ba da ma ɗin nan,
a kan cinyarsa, kina dalalar miyau.
Bashi ne. Biya a hankali."

Minti goma sha ɗaya sun tafi:
numfashi, kaji, injin markaɗen gidan Talle.
Littafi ya ce a ƙirga goma a zuci kafin a kai ɗauki.
Littafi bai taɓa ganin idon Baba ba,
yadda yake lalube kamar mai neman allura a buhun dusa,
ya san tana nan,
ya taɓa ta,
ta zame.

Sai na tuna wata lacca ta zangon farko
da na sha rabinta cikin gyangyaɗi:
wai rerawa da magana ba ƙofarsu ɗaya ba,
in zaure ya rufe, a duba ta wajen danga.

Na kama hannunsa na hagu ina bugawa a gwiwarsa,
na ja shelar yadda yake jan ta:
"Jamaaa'a..."
Na sake ta a nan.

Ɗaya. Biyu. Rariya ta tsaya a hannun Inna.
Bakwai. Takwas.

"A... sau... rara."

Ba ta kai fadama ba.
Ko zaure ba ta kai ba.
A karkace ta faɗo, kamar maraƙi ranar haihuwa,
jiƙe, tana tangaɗi,
amma ta miƙe da ƙafarta.
Muka saurara.
Bai da sanarwar da zai bayar, sai ya yi dariya da rabin baki.

Ran Laraba jan biro ya bi takardata:
"Hayaniya ta yi yawa. Kalma biyu kacal.
Sha ɗaya bisa ashirin."
Ban yi musu ba. Maganar kaji gaskiya ce.

Amma yanzu duk Juma'ar da na sauka,
tun kafin in kai gida
wani zai ɗago daga cikin shinkafa, laka har gwiwa:
"Barira, an ce yana cikin wayarki. Kunna mana."
Sai in tsaya a kan kunya.
Sai wani ya ruga
ya kashe inji.