Injin Nomau

Shekara ashirin da ɗaya ina gyaran injin ban-ruwa
a fadamar Augie, inda shinkafar rani ke shan Rima.
Daga ƙara kawai nakan gane ciwon inji:
wanda ya sha iska, wanda bawul ɗinsa ya gaji,
wanda yashi ya shaƙe wa maƙogwaro.
Ƙirjina ne kaɗai ban taɓa kasa wa kunne ba.

Ran Laraba ina durƙushe ina ɗaure tiyo,
na miƙe, sai kunyoyi suka juya da ni,
ƙeya ta yi nauyi kamar an aza mini buhu.
Tumba ta ce, "Argungu za mu, ko ka so ko ka ƙi."

Likita Sahabi ya naɗa mini ƙyalle a dantse,
ya hura, ya saki, ya dubi allura, ya dube ni.
"Mi kake yi, Nomau?" Na ce, "Bakanike."
Ya ce, "Madalla. Dunƙule hannunka.
Ka ga girmansa? To, injinka ke nan.

Ɗaki huɗu gare shi, biyu bisa, biyu ƙasa.
Jinin da ya gama yawo, ya gaji, ya yi duhu,
ta dama yake shigowa.
Dama ta aike shi huhu ya sha iska,
ya dawo ja wur ta hagu.
Hagu kuwa ita ce ƙarfin gidan,
ita ke cilla shi har ɗan yatsan ƙafa."

Na ce, "Mi ke hana shi komawa baya?"
Ya ce, "Abin da ke hana ruwanka komawa gulbi."
Ya cusa mini abin saurarensa a kunne,
na ji ƙofofi suna rufewa bi da bi,
dum, dab, dum, dab,
ba mai gadi, ba mai sa musu giris.

A mota muna komowa na yi ta lissafi.
Ashe gona nake, ban sani ba.
Babban tiyo ya fito daga inji,
ya rabu magudanai, magudanai su rabu ƙanana,
har su fi gashin kai siranta,
kowane gindin tsoka ya samu rabonsa.
Sai dai ruwan da na tura wa shinkafa
in ya tafi ya tafi, ƙasa ta shanye.
Shi wannan komowa yake,
ya hau daga dunduniya, ba tsani,
ɗauke da dattin gidajen da ya ciyar.

Hawan jini, in ji shi.
Ni ma na san wannan.
Danne bakin tiyo da babban yatsa
ka ji yadda inji ke nishi.
Ba ya tsayawa, haƙuri yake,
sai ranar da wani wuri ya tsage.

Yanzu ƙwaya ɗaya kowace safiya, bayan koko.
Tumba ta ɗauke gishiri ta ɓoye bayan randa,
miyar kuka ta zama lami, na yi mita kwana uku,
ta ce, "Ci, ko in kira Sahabi."
Na ci.

Jiya da dare fetur ya ƙare wa Gado,
injinsa ya yi tari biyu ya mutu,
na Bawa ya bi shi, fadama ta yi tsit
sai kwaɗi.
Na kwanta bisa tabarma, na sa tafi a ƙirji.
Yana nan.
Sau dubu ɗari a yini, in ji likita,
tun ina cikin cikin Inna Ige,
bai san Juma'a ba, bai san Sallah ba,
ban taɓa kwance masa noti ba,
bai taɓa aiko mini da takardar kuɗi ba.

Na ce masa, "Sannu."
Ya ce dum, dab,
ya ci gaba da aikinsa.