Littafin Baba Ilu

Nafi'u ya dawo daga Yukiren da jaka ɗaya,
karatun likita ya tsaya a shekara ta huɗu,
yaƙi ya sallamo shi ba takarda.
Yanzu shi ke kula da injin ban-ruwa
a fadamarmu, gabas da Auyo,
inda alkama ta kai gwiwa.

Bayan la'asar, muna bakin kwalbati,
Baba Ilu ya zaro littafinsa daga aljihun 'yar shara,
mai bangon fatar da Tsalha baduku ya ɗinka.
Shekara ashirin da 'yan kai yana wakilin akwati
na jam'iyyar da ko kansila ba ta taɓa ci ba.
Ya lashi yatsa, ya buɗe:
"Nan, tamanin da ɗaya.
Nan, ɗari da sha biyu, shekarar da muka yashe rijiya.
Nan kuwa tara.
Buhun taki ya shigo da dare, ya kwashe sauran,
har da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya."

Nafi'u ya goge baƙin mai a wando, ya ce,
"Baba, kana da 'yar'uwa a can.
Tsohuwar da na yi haya a gidanta, Lidiya,
gwangwanin biskit gare ta cike da bajo
da takardun da suka yi ja don tsufa.
Tata jam'iyyar, in ji ta, ta dama ce,
amma ba can ƙurya ba, kusa da tsakiya."

"Dama?" in ji Baba Ilu.
"Mu nan dama ta tuwo ce, hagu ta buta.
Me suke nema?"

"A sassauta wa kasuwa wuya, a rage haraji,
mai gona ya riƙe gonarsa,
yara su yi karatu da harshen kakanninsu.
Ta ce a ɗakin malamai aka haife ta, kan teburi mai ƙafa uku.
Zaɓen farko suka cika benci a majalisa,
na biyu shugabanni suka yi faɗa kan kujera,
tuta ɗaya ta zama biyu, kowa da hatiminsa.
Sai suka shiga inuwar wata babba,
irin shigar da rafi ke yi wa kogi,
aka nemi sunansu aka rasa.
Da suka fito su kaɗai,
ba su kai ko bakin ƙofar majalisa ba."

Baba Ilu ya daɗe yana kallon ruwa
yana bin kwari, fala bayan fala.
"Ashe ciwon har ƙasar ƙanƙara ya je.
Mu ma an raba mu a kan kuɗin mota.
To, ita tsohuwar, ta sauya sheƙa?"

"Ina! Ranar zaɓe takan sa kwat ɗin mijinta marigayi,
ta tafi da sanda, ta dawo ta dafa mini shayi,
ta ce yau ma ta zuba gishiri a teku."

"Yanzu fa?"

"Tun da aka fara harbi ba a kafa akwati ba.
Lambarta kuma ba ta shiga.
Na gwada ranar Sallah. Na gwada shekaranjiya."

Jan-baki suka taso daga gonar Lawandi,
yara suka bi su da gwangwani.
Baba Ilu ya nemi biro, ya hura masa iska,
ya gwada a tafin hannu.
Ƙarƙashin taran nan ya ja layi,
ya ce, "Faɗa mini sunan a hankali."
Ya rubuta da ajami, harafi yana hawa kan harafi,
ya sa ɗaya a gabansa,
ya tara, ya ce, "Goma."

Injin ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Nafi'u ya ɗauki jarka.