Ruwan Da Ke Cikin Kai

Ku arba'in muka kwasa daga Auyo zuwa Kano,
ashirin masu feshin magani a gonar shinkafa,
ashirin masunta, da ba su taɓa goya tankin feshi ba.
Kowa ya tuɓe zobe da agogo
ya kwanta cikin na'ura mai ƙugi kamar injin markaɗe.

Ba jini take dubawa ba, Baba Cindo, ruwa take bi.
Ka san ruwan noman rani:
in hanya lafiya lau, ya miƙe sak har cikin fangali,
in gaɓa ta zaizaye, ya fantsama inda ya ga dama.
Haka yake a kai,
tsakanin zaruruwan da suka fi gemun masara sirantaka.

Daren Talata lissafi ya fito.
Ya ce in da babu bambanci tsakaninku,
sau uku kacal cikin ɗari za a ga tazara irin wannan.
Abokan aikina har da tafi.
Ni kuwa na tuna maƙwabcinka Talle a kwalekwale:
mai jefa birgi sau dubu,
ko a kududdufi ne, ba ya rasa 'yar tarwaɗa.
Mu ma wuri dubu muka leƙa.
Na sake tankaɗe da rariya mai ƙananan ido,
sha ɗaya suka zube,
ɗaya ya tsaya.

Ɗayan ma nawa yake?
Tiya biyu ce, an shafe bakin wannan,
an bar wa waccan ɗan tozo.
Kuma kun girmi masuntan da shekara shida.
Wa ya san rabon feshi, wa ya san rabon furfura?

Ga ka yau bisa buhun taki, kana murza hula:
"Hansatu, kaina ya taɓu ne?"

Takardar ba ta san sunanka ba.
Ashirin ta sani, da wata ashirin.
Akwai masuncin da ruwan kansa ya fi naka yawo.

Ban sani ba, Baba.
Amma gobe ka ɗaura ƙyalle a hanci, ka sa safar hannu.
Bayan girbi za mu dawo neman mutum ɗari biyu.

Ka yi dariya har da tari:
"Karatun shekara tara, a ƙare da ban sani ba?"
Ka ɗauki fartanya
ka tafi buɗe wa albasa ruwa.