Ɗari da Saba'in

A Asibitin Dutse, ranar Talata,
Sista Rifkatu ta ɗaure mini damtse,
ta matsa, ta saurara, ta zare tabarau:
"Ɗari da saba'in. Malam, me ke cin ka?
Gishiri ne, ko kuwa ba ka barci?"

Na ce mata ƙarar Panteka ce,
shekara ashirin ina walda,
guduma a kunne, tartsatsi a ido.
Ƙarya na yi. Ƙarfe bai taɓa bi na gida ba.
Mai bi na har kan katifa
ƙanena ne, Jazuli, ciki ɗaya,
da filin Babanmu na Rigasa
da ya sayar ba shawara,
ya turo mini kasona ta waya
kamar mai biyan kuɗin abinci.

Damina uku ke nan.
Na toshe lambarsa, na goge hotonsa.
Aka haifa masa 'ya, ya sa sunan Innarmu,
na ce da Barira: ko sabulu kar ki kai.
Sahun gaba ba ya wuce ni,
goshina har ya yi tabo,
amma in na yi sallama dama da hagu
akwai mutum guda a duniya
da ba na nufi da wannan aminci.

Na haɗiyi ƙwaya safe da dare,
na bar kitse, na bar suya.
Allurar awo ta ƙi sauka.
Ashe an wanke tukunya ta waje,
ƙanzon na ciki, yana ɗaci.

Ran Alhamis bayan Isha'i, ba wuta,
Malam Hambali na karatu da fitilar waya.
Bai san zancena ba. Ya ce
yau ake gabatar da ayyukan bayi,
a yafe wa wanda aka yafe wa,
ban da biyun da ke gaba da juna,
su sai a dakata har su shirya.
Na shiga lissafi cikin duhu:
Litinin nawa, Alhamis nawa,
ayyukana jingine a waje
kamar ƙofofin da na ƙera, mai su bai zo ba,
suna tsatsa, suna jiran lokaci.

Na ce, ai ni aka cuta!
Zuciya ta ce, haka ne.
To wa ke kwana ido biyu?
Wa ke biyan kuɗin magani?
Shi ya ci fili sau ɗaya,
kai kullum kana cin takaici.

Da guntayen rodi na haɗa 'yar kujera,
na shafa mata shuɗin fenti.
Aka sauko Juma'a, na tari keke zuwa Kawo,
ta Mando muka bi, ga cunkoso,
kujera a cinya, fentin bai bushe ba.
Sau biyu na kusa cewa a sauke ni.
Shaiɗan ma ya biya kuɗin kujera,
yana raɗa mini: ina mutunci?

Hayin Banki. Ƙofar langa-langa.
Walda mai ha'inci, wani ya cuce shi.
Na yi sallama, murya na rawa.
Ya fito da buta, ya ƙame.
Ba mu rungumi juna ba, ba a yi kuka ba.
Ya amsa, ya cika ta har "wa barakatuhu",
ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa.
Yarinyar ta leƙo da idon Inna,
ta haye kujera, shuɗi ya ɓata rigarta,
muka yi dariya, ta farko,
gajeruwa, mai ɗan ƙunci.

Maganar fili tana nan.
Mun sa rana gaban Kawu Tasi'u,
don yafiya ba ta hana a yi adalci.

Da Talata ta zagayo,
Sista ta ce, "Ɗari da hamsin. Da saura.
Kar ka bar maganinka."
Ban bari ba. Amma daren jiya
Barira ce ta girgiza ni, an kira Assalatu,
wai tun da muka tare a gidan nan
ba ta taɓa jin munsharina haka ba.
Yau zan koma da injin walda,
ƙofar nan tasa ba ta kulluwa.
Allah Ya bar mu da zumunci.